Mai shirin zuwa Dutse kiwo: kada fili ya zama abin da za ka fara saya



Akwai tambayar da take ta maimaituwa a saƙonnin da ake turo min, kuma yawancin masu yin ta ba a Jigawa suke zaune ba. Wani yana Jidda yana tuƙi, wani yana Libiya yana aikin gini, wani yana Legas yana sayar da kayan gwari. Akwai ɗan Damagaram da ya saba shigowa Maigatari ranar Alhamis, akwai kuma ɗan Kano da tsadar fuloti ta koro. Duk maganarsu ɗaya ce: na tara ɗan abin da na tara, ina so in dawo ko in zo Dutse in kafa gidan kaji ko kwamin kifi, nawa ake sayar da fili?

Amsar da nake ba su ba ta yi musu daɗi, amma ita zan sake faɗa a nan kowa ya ji. A shekararka ta farko kada ka sayi fili. Ka yi haya, ko ka nemi aro, ko ka shiga gonar wani ka zauna a gefe. Kuɗin filin ka bar shi a asusu, ko ka mayar da shi abincin kaji. Na san wasu za su ce wannan wace irin shawara ce daga wanda ya karanci kasuwancin noma, alhali kowa ya san ƙasa ba ta faɗuwa. Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe.

Mu fara da lissafi, tunda shi ba ya son kai. Kajin nama 500, a irin zafinmu, ɗaki mai ƙafa 20 a ƙafa 35 ya ishe su su sake. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 zai ɗauki irin wannan ɗakin sau bakwai. Kifi dubu ɗaya kuwa, tamfol biyu ko uku masu ƙafa goma-goma sun riƙe su. Wato abin da mai farawa yake buƙata na ƙasa bai kai tsakar gidan wani ba. To amma dubi cikinsu. Kazar ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana, kenan guda 500 za su tashi da buhu biyu da ɗoriya, mai kilo 25, kullum ta Allah. Kafin ma ka ga ƙwai ɗaya sai sun yi mako 18 zuwa 20, kuma a wannan tsakanin za su cinye buhu 120 zuwa 140. Tarwaɗa dubu da kake so kowacce ta kai kilo ɗaya za su ci abinci sama da tan guda, wajen buhu 70 ko fiye mai kilo 15, cikin wata biyar zuwa shida. A kiwon kaji da kifi abinci ne yake cinye mafi yawan jari. Wanda ya zuba rabin kuɗinsa a fili da katanga da ƙofar ƙarfe mai fenti, a wata na huɗu za ka gan shi yana yawon neman bashin dusa, daga nan sai ya karyar da kajin da saura mako uku su fara ƙwai. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Filin yana nan, katangar tana nan, awakin unguwa ne suke shan inuwa a ciki.

Wannan dalili na farko kenan, kuma shi ne ƙarami. Babban dalilin shi ne baƙo bai san abin da yake saya ba, ko da kuwa ya taka filin da ƙafarsa.

Ɗauki ruwa. Mutumin da yake nesa yana jin an ce Jigawa sai ya tuna fadama da shinkafar Haɗejiya, ya ɗauka ko'ina ka tona ruwa ne. Ba haka ba ne. Sunan garin ma ya faɗa maka: Dutse. Daga nan ka yi kudu zuwa Birnin Kudu da Gwaram, dutse ne a ƙarƙashin ƙasar, ruwan yana maƙale ne a tsaguwar dutsen da kuma inda ya ruɓe. Shi ya sa za ka ga maƙwabcinka ya haƙa rijiyar burtsatse tana ambaliya, kai ka matsa taku ɗari ka haƙa ka tashi da ƙura, ko ka samu ruwan da minti ashirin famfo ya fara tari. In ka yi arewa da gabas, wajen Jahun da Miga da Kafin Hausa, can ƙasar yashi ce da laka mai zurfi, samun ruwa ya fi sauƙi. Sai dai can kuma wata matsalar ke jiran ka, zan zo kanta.

Mai kaji zai iya lallaɓawa da ƙaramar rijiya. Kaji 500, ko a watan Afrilu da suke ninka shan ruwa, jarka goma zuwa sha biyu ta kai su yini. Mai kifi ba shi da wannan gatan. Kwami ɗaya mai ƙafa 10 a 10, in ka cika shi zuwa ƙafa uku, ya sha kusan lita 8,500, wato jarka 340. In kifin ya girma kuwa duk bayan kwana biyu ko uku sai an canja, in ba haka ba ruwan ya yi wari, kifi ya daina ci, ya fara tasowa sama yana haki. Ka lissafa kura nawa ɗan garuwa zai turo maka, ka ninka da yawan kwaminka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, jan ruwa da janareto ya zama wani abincin kifin na biyu, shi ya sa duk mai hali ya koma sola. Sola kuma ba ta ƙirƙirar ruwan da babu shi a ƙasa. Don haka filin kifi ba a ganin sa da ido. Sai ka kawo masu na'urar gwajin ruwa sun auna, sannan ka zaga rijiyoyin da ke kewaye a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ta gama bushewa, ka tambayi matan da yaran da suke ɗiba: tana ƙafewa? Ƙarfe nawa take yankewa? Su ba su da la'ada a cinikin, za su faɗa maka gaskiya.

Wani kuma zai ce shi tafkin ƙasa zai haƙa kamar yadda ya gani a bidiyon mutanen Ibadan. Ɗan'uwa, jigawa fa ake ce mata. A kan tudun yashi ka zuba ruwa da safe, da la'asar sai dai ka ga danshi. In ba ƙasa mai yumɓu ka samu a fadama ba, siminti ne ko tamfol ko leda.

To ga ɗaya matsalar. Filin da ya fi kowanne kyau a watan Maris, shimfiɗaɗɗe, mai araha, ruwa kusa, sau da yawa shi ne hanyar ruwa a watan Agusta. Duk wanda yake nan a daminar 2020 da ta 2022 ya ga abin da ambaliya ta yi a Ringim da Jahun da Miga da Kafin Hausa da Auyo har zuwa Haɗejiya. Kogin Haɗejiya yana karɓar ruwan da ya biyo daga madatsun Tiga da Challawa, ga ciyawar kacalla ta toshe masa hanyoyi a ƙasa, in ya cika sai ya nemi inda zai bi. Akwai wani bawan Allah da ya dawo daga ƙasar waje ya sayi wuri a wani ƙauye da rani, ya yi ginin kaji mai kyau, har na je na taya shi duba 'yan tsaki. Da damina ta yi tsakiya sai da aka kwashe kajin a kwando a ka, wanda ya rage kuma sanyi da zawo suka gama da su. Abin da ya fi ci masa rai, kowa a garin ya san wurin yana cin ruwa. Tsofaffi ma suna da sunan da suke kiran kwarin da shi. Ba wanda ya faɗa masa saboda ba wanda ya san shi, shi ma bai tambayi kowa ba sai dillalin da ya kai shi. Fili sai ka gan shi sau biyu, da bazara da kuma tsakiyar damina. Wannan kaɗai ya cinye maka shekarar da nake magana.

Yanzu mu zo kan wa yake da filin, don a nan ne kuɗin mutane ya fi nutsewa.

Mafi yawan gonakin da ke kewaye da Dutse, ko ta Kudai ka bi, ko Madobi, ko Sakwaya, ko hanyar Kiyawa, gonakin gado ne. Wanda ya tare ka ya ce gonarsa ce, wataƙila gaskiya ya faɗa, amma rabin gaskiya. Gonar mahaifinsu ce, su tara ne, ba a raba ba, shi ne dai babba kuma shi yake nomawa. Akwai ƙannensa mata uku da suke aure a wasu garuruwa ba wanda ya shawarce su, akwai ƙaramin da yake karatu a Zariya. Ka biya, ka yi gini, bayan shekara biyu sammaci ya zo daga kotun shari'a. Kuma suna da hujja, domin a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke aiki da shi akwai haƙƙin shuf'a: in abokin tarayya ya sayar da kasonsa a ƙasar da ba a raba ba, sauran suna da damar su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe. Balle in ya sayar da har kason da ba nasa ba. Tambayar farko ba nawa ne ba. Tambayar farko ita ce an raba gadon? Wa ya raba? Ina takardar? Sannan kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu ko ya dangwala a gaban shaidu. In aka ce maka ai mata ba sai an kira su ba, tashi ka kama hanya.

Sai burtali da makiyaya da mashaya. Jigawa jihar makiyaya ce, har hukuma gwamnati ta kafa don sasanta manoma da makiyaya. Akwai wuraren da aka ci burtali a hankali, shekara bayan shekara, har ya koma kamar gona. Ɗan gari ya san asalinsa ba zai saya ba, sai a ajiye wa baƙo. Ranar da aka zo sake shata burtalin, ko ranar da garke ya biyo tsohuwar hanyarsa bayan kaka, kai ne a tsakiya.

Ga kuma doka, wadda da yawanmu ba ma son ji. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, tun mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama da amfani ne. A yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne yake ba da takardar shaidar mallaka, wadda muke kira C of O. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da izinin gargajiya, har zuwa hekta 500 in noma ne. Takardar da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu tana da amfani ƙwarai, ita ce shaidar cewa an yi ciniki a gaban idon gari, amma ba ita ce ƙarshe ba. Dutse gari ne da yake faɗaɗa tun da ya zama babban birnin jiha a 1991. Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, ga filin jirgin sama, ga reshen layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai shigo Dutse. Duk inda gari yake tafiya haka, gonar da ake yankawa ana sayarwa a awon igiya gobe tana iya faɗawa cikin awon gwamnati, ko titi ya ratsa ta. In gwamnati ta karɓa don amfanin jama'a, dokar ta fi ba da nauyi ga abin da ka gina ko ka shuka, ba farashin da ka biya dillali ba. Kafin ka biya ko sisi, ka ɗauki safiyo ya ɗauko maka lambobin wurin, ka kai ma'aikatar ƙasa a duba ko akwai wani tsari a kansa. Ɗan abin da za ka kashe bai kai kuɗin buhu goma na abinci ba.

Kada kuma wani ya ɗauka takarda daga sama ita kaɗai tana wadatarwa. An taɓa ware wa kamfanin Mista Lee kimanin hekta 12,000 a yankin Gagarawa don noman rake. Da gwamnati a bayansa, da kuɗinsa, da komai, amma sai da aka daɗe ana taƙaddama da manoman da gonakinsu suka shiga ciki, har maganar ta cika jaridu. In mai wannan ƙarfin bai tsallake mutanen gari ba, kai da ka zo da kuɗin kaji 500 fa?

'Yan'uwanmu na Nijar da sauran waɗanda ba 'yan ƙasa ba, ku taku ta fi tsauri. Harshe ɗaya, addini ɗaya, wani ma kakarsa 'yar Gumel ce, amma a takarda baƙo ne. Abin da aka saba yi shi ne a sayi filin da sunan wani aboki ko suruki ɗan Najeriya. Ku tuna da Bajamushen nan Gerhard Huebner, wanda ya gina shahararren ginin nan na kan dutse a Kajuru ta jihar Kaduna. An sayi ƙasar da sunan kamfani saboda shi ba ɗan ƙasa ba ne, daga baya ya je kotu yana cewa tasa ce, riƙo kawai kamfanin yake yi masa. Shari'a ta kai har kotun ƙoli, a 2017 ta ƙi ba shi. Wanda sunansa yake kan takarda shi ne mai fili, ko da amana ce tsakaninku, domin shi mai amanar zai iya rasuwa, magadansa kuma takarda za su duba. Ga ɗan Nijar haya a rubuce ta fi masa wannan kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Ku kuma ƙara da cewa iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Jarin da ba ya ɗaukuwa a tsallaken iyaka abin a yi tunani ne sau biyu. Haka ɗan Jigawa da yake sha'awar zuwa Damagaram ko Maraɗi ya yi kiwo, can ma akwai dokar karkara tun 1993 da kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, su suke rubuta ciniki da haya da aro. Kada ka ce ai duk Hausa ce ka tsallake su.

Su ma namu da suke Saudiyya ko Libiya suna turo kuɗi a saya musu, kusan jirgi ɗaya ne ya ɗebo su. Ba na zargin ɗan'uwan kowa. Amma cinikin biri a sama ne, kuma ya raba zumunci da yawa a garin nan. In dole sai an saya kafin ka dawo, to da sunanka, da hotonka, da lambobin safiyo, kuma wanda ya nemo filin daban, wanda zai je ya tabbatar daban.

To in ba fili ba, me za ka nema a shekarar farko? Mutane. Da ɗan gari kan ci gari, kuma a kiwo wannan ba karin magana ba ce kawai, lissafin kuɗi ce.

Ka fara da mai unguwar inda za ka zauna. Ka samu wani dattijo ya raka ka, ka je da ɗan goronka, ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka. Kada ka je da maganar saye a zuwan farko. Ka ce ranka ya daɗe, na zo ne in koyi zama da ku, ina ɗan kiwon kaji. Shi zai kai ka wajen dagaci in da buƙata, dagaci ya san hanyar hakimi. Masarautar Dutse ta haɗa Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, kuma har gobe in rigimar iyaka ta tashi, ta wannan tsanin ake fara bi kafin a je kotu. Ranar da aka sace maka kaji, ko maƙwabci ya kai ƙarar wari, tambayar farko da za a yi ita ce wa ya san da zuwansa? In amsar ba kowa ce, ka riga ka faɗi rabin shari'ar. Sannan ka riƙe masallacin unguwa, ka je jana'iza, ka je ɗaurin aure ko ba a san ka ba. Wasu 'yan boko irina suna ganin wannan ɓata lokaci ne. A wurin zaman makoki ne za ka ji wace gona ce ake rigima a kanta, ba a ofis ba.

Na biyu mai shagon abincin kaji da magani. Wannan mutumin ya fi kowa sanin sirrin kiwo a gari. Ya san wanda yake sayen buhu hamsin a wata, ya san wanda ya daina zuwa, wato ya san inda ɗakunan kaji suke a rufe ba kowa. Kuma suna da yawa, domin tsadar masara da waken suya a 2023 da 2024 ta fitar da mutane da dama daga harkar. Irin wannan ɗakin shi nake so ka karɓa haya: an riga an gina, akwai rijiya, wani har da mazubin abinci da na ruwa. Sai dai ka tambayi abin da ya kashe kiwon. In tsadar abinci ce, ba komai. In cuta ce, sai an kwashe tsohon taki, an wanke, an yi feshi, an bar shi ya huta makonni kafin ka zuba. Shi dai mai shagon ne zai haɗa ka da masu kawo 'yan tsaki, waɗanda yawanci daga Ibadan ko Kaduna ko Jos suke tasowa su biyo ta Kano. Tsakon da ya kwana a mota yana buƙatar wanda zai kira ka tun motar tana Wudil, ba wanda zai bar kwalinka a rana ba.

Na uku likitan dabbobi, ko malamin dabbobin da yake zagaya gonaki. Ka samu lambarsa kafin tsaki su iso, ba ranar da suka fara mutuwa ba. Shi zai faɗa maka inda ake samun rigakafin Gumboro da Lasota da aka ajiye a sanyi da gaske, domin da irin wutarmu, allurar da ta kwana uku a firjin da ba ya aiki ruwa ce kawai. Shi ne kuma zai fara jin ƙishin-ƙishin in murar tsuntsaye ta ɓulla a kusa. Tun da cutar ta fara bayyana a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ba ta taɓa yin nisa da arewa ba, kuma ta kasuwar kaji da kiret ɗin ƙwai da takalman baƙi take yawo. Wannan ma dalili ne na kada ka kafa a jikin wata babbar gonar kaji ko bakin kasuwa don kawai wurin ya yi araha. In kana son shawarar da ba ta ciniki ba, akwai malaman gona na JARDA, akwai tsangayar aikin gona a Jami'ar Tarayya. Ƙofa a buɗe take, mu ne ba ma zuwa.

Na huɗu, wanda ya kamata a ce shi ne na farko: mai saye. Kafin ka zuba tsako ɗaya ka je Shuwarin ranar Litinin ka zauna wajen 'yan kaji, ka ga nawa ɗan sari yake saya, nawa yake sayarwa. Ka zaga masu shayi, su ne suke shanye ƙwan garin nan kiret-kiret. Ka zaga masu gashin kaza da kifi da dare, da gidajen abinci na wajen sakatariya da jami'a. Ka lura Dutse garin ma'aikata da ɗalibai ne: in albashi ya shigo kasuwa ta motsa, in jami'a ta tafi hutu ko yajin aiki ƙwai ya yi kwantai, ranar Juma'a kuma rabin masu kuɗin sun kama hanyar Kano da garuruwansu. Mai kifi ya sa ƙafa ya je kasuwar kifi ta Haɗejiya ya ga yadda ake cinikin banda, ya gane cewa yana gasa ne da kifin kogi, kuma lokacin da kifin kogi ya yawaita farashin na kwami yana sauka. Masu gashi suna son babba, masu banda suna son matsakaici. Wanda za ka sayar wa shi zai faɗa maka girman da za ka kai kifin, shi zai faɗa maka ma ko a wane gefen gari ya kamata ka zauna.

Akwai maƙwabta kuma. Kiwon kaji yana da wari da ƙuda, ruwan kifi in ya kwanta a lungu sauro ne da rigima. Amma abin da yake jawo maka ƙara shi ne kuma zai saya maka farin jini in ka iya. Da tsadar takin zamani, kashin kaji kuɗi ne, manoma har layi suke yi. Ka ware wa mai gonar da ke jikinka buhu biyar kyauta kafin damina, ka ga ko zai bari wani ya tsallaka maka katanga. Ruwan kifin ka ja shi zuwa lambun wani ya shuka alayyahu da latas da rani. Mai gadi da yaron da zai taya ka aiki ka ɗauke su a unguwar, ta hannun mai unguwa, kada ka taho da naka daga gida gaba ɗaya.

Na san abin da za a ce. Fili yana tashi kullum, in na jira shekara zai ninka. Kuma wa zai yi gini a ƙasar wani, ranar da kiwo ya yi kyau mai wuri ya ce tashi? Duka biyun gaskiya ne. Amma a kan na farko, farashin da ake faɗa wa baƙo a makonsa na farko ba shi ne farashin gari ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da zarar dillali ya ji Hausarka ta Kano ce, ko ya ji an ce daga Saudiyya ka dawo, kuɗi ya hau. Bayan shekara, in an san ka, mai gona da kansa zai zo ya same ka ya ce zai aurar da 'ya, ko zai biya kuɗin kujerar Makka, ga wuri in kana so. Abin da ka rasa na tashin farashi sau da yawa ka mayar da shi a nan, ga shi kuma ka san wurin da rani da damina.

Na biyun maganinsa rubutu ne da kuma irin kayan da za ka kafa. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, amma mu sai mu ce ai kunya ce in nemi dattijo ya sa hannu. A rubuta shekara nawa, biyu ko uku, nawa ne kuɗin, yaushe ake biya, wata nawa za a ba ka na sanarwa kafin a tashe ka. Kada ya gaza wata shida in kajin ƙwai ne ko kifi, don kada a tashe ka da kaya a tsakiya. A rubuta abin da za ka ɗauka in za ka tafi da abin da za ka bari, musamman in ka haƙa rijiya, a ce za a cire kuɗinta daga haya. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu daga kowane ɓangare, magada su sani. Jingina kuwa, wato ka ba da kuɗi ka riƙe gona har a dawo maka da su, ban ba ka shawara ba. Malamai da yawa suna da magana a kanta, ga shi kuma ranar da mai gona ya samu kuɗi ranar za ka tashi.

Kayanka kuma su zama masu tafiya. Tamfol mai ƙafar ƙarfe maimakon kwamin siminti, tankin roba, ɗaki na katako da waya da kwano wanda kafinta zai kwance a yini biyu, allon sola da za ka sauke ka ɗora a mota. Ka sa tsawon ɗakin ya bi gabas da yamma don rana kada ta shiga ta gefe, ka ɗaga rufin sama, ka shimfiɗa zana ko kara a kan kwanon kafin Maris. In ka zo da kaka ka zuba kajin nama zagaye ɗaya cikin sanyi, ka ga yadda hunturu yake hana kifi cin abinci a Disamba da Janairu, ka sha zafin Afrilu, ka ga inda ruwa ya kwanta a Agusta. Wanda ya yi wannan zagayen ya sake turo min tambayar nawa ake sayar da fili, a lokacin sai mu zauna mu yi maganar unguwa-unguwa.